Almakashi a Kan Faifan DVD: Tarihin Yanke Fina-finai da Matse Su

Faifan DVD ya fara shiga kasuwa ne a ƙasar Japan cikin watan Nuwamba na 1996, sannan ya isa Amurka a watan Maris na 1997. Ya zo da abin da kaset ɗin bidiyo bai taɓa iyawa ba: hoto garau wanda ba ya dusashewa komai yawan kallo, da murya cikin harsuna da dama, da rubutacciyar fassara a ƙasan hoto wadda mai kallo ke iya kunnawa ko kashewa. Sai dai wannan nagarta ita ce ta tsorata manyan kamfanonin fim na Holiwud. Kaset idan aka kwafe shi, kwafin yakan fito da raguwar kyau, kwafin kwafi kuwa ya fi muni. Faifai ba haka yake ba, domin lambobi ne a cikinsa, kwafi na dubu daidai yake da na farko. Saboda haka kamfanonin ba su saki jiki da shi ba sai da aka yi masa makulli.

Makullan guda uku ne. Na farko shi ne tsarin CSS, wanda ke hargitsa bayanan fim ta yadda babu na'urar da za ta karanta su sai wadda aka ba lasisi da mabuɗi. Na biyu shi ne raba duniya zuwa yankuna: Amurka da Kanada yanki na 1, Turai da Japan na 2, mafi yawan Afirka tare da Indiya da Rasha na 5, kuma faifan wani yanki ba ya buɗewa a na'urar wani. Na uku ya fi ƙanƙanta, amma shi ya fi ɓata wa masu kallo rai. Wata alama ce da ake sa wa faifai, wadda ke hana madannin rimot aiki a wasu wurare. An yi ta ne domin kada a tsallake gargaɗin haƙƙin mallaka, amma wasu kamfanoni suka riƙa ɗora ta a kan tallace-tallacensu. Mutum ya sayi fim da kuɗinsa, ya zauna a ɗakinsa, sai an tilasta masa kallon tallan wasu fina-finai kafin ya kai ga nasa. Tun daga nan sha'awar cire abin da ba a so daga faifai ta samo tushe.

Makullin CSS bai yi ƙarko ba. Mabuɗinsa gajere ne, mai bit 40 kacal, saboda dokokin Amurka na wancan lokaci sun taƙaita ƙarfin fasahar ɓoye bayanai da za a fitar waje. A watan Oktoba na 1999 wata ƙaramar manhaja mai suna DeCSS ta bayyana a intanet, tana buɗe faifai ta zuba fim ɗin a rumbun kwamfuta. Mutum uku ne suka haɗa ta, amma ɗaya kawai aka san sunansa, wato Jon Lech Johansen, wani yaro ɗan ƙasar Norway mai shekara 15. Ƴan sanda sun binciki gidansu a watan Janairu na 2000, aka gurfanar da shi, kotu ta wanke shi a Janairun 2003, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hakan a Disambar shekarar. A Amurka labarin ya sha bamban. Dokar DMCA ta 1998 ta riga ta haramta fasa makullin da ke kare haƙƙin mallaka, kuma a 2000 alƙali Lewis Kaplan ya hana mujallar 2600 yaɗa manhajar, har ma da nuna inda za a same ta. Hukuncin ya tsaya a takarda, manhajar kuwa ta riga ta bazu inda ba a iya tattaro ta.

Matsalar awo

Buɗe faifai rabin aiki ne. Sauran rabin lissafi ne. Faifan da kamfani ke bugawa galibi mai shimfiɗa biyu ne, yana ɗaukar gigabait 8.5. Faifai fanko da ake sayarwa a shago mai shimfiɗa ɗaya ne, yana ɗaukar gigabait 4.7, wanda a ƙidayar kwamfuta ma 4.38 ne. Fanko mai shimfiɗa biyu bai fito ba sai a 2004, kuma da ya fito ya yi tsada. Ke nan mai son kwafi yana da kayan da suka kusa ninka mazubinsa. Hanyoyi uku ke gabansa: ya raba fim a faifai biyu, ko ya matse komai da komai zuwa kusan kashi 55 cikin ɗari na girmansa, ko ya zubar da wasu kayan.

Matsewa tana da farashi. Hoton DVD dama matsattse ne bisa tsarin MPEG-2, idan aka ƙara matse shi sai ya fara nuna alamun wahala. Wuraren duhu su koma ƴan murabba'ai, fuskar mai gudu ta dame, hayaƙi da ruwan sama su zama tabo-tabo. Don haka masu hankali suka gane cewa zubarwa ta fi matsewa riba, kuma a nan ne aka fara duba cikin faifai da idon mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Cikin babban kundin da ake kira VIDEO_TS akwai fayilolin VOB masu ɗauke da hoto da murya, kowane bai wuce gigabait ɗaya ba, da kuma fayilolin IFO da ke gaya wa na'ura abin da za ta kunna da jerin da za ta bi. Fim ɗin kansa wani sashe ne kawai na wannan kaya. Sauran sun haɗa da tallace-tallace, da shafin zaɓi mai motsi, da hirar ƴan wasa, da yadda aka shirya fim, da sharhin darakta, da muryoyin wasu harsuna.

Muryoyin nan sun fi cin wuri fiye da yadda ake zato. Murya ɗaya ta Dolby Digital mai lasifika shida, a kan kilobit 448 cikin daƙiƙa, tana cin kimanin megabait 400 a fim na awa biyu. Ta DTS kan ci kusan 700, wani lokaci ma ninkin haka. A ɗauka, a matsayin misali, cewa fim tare da muryoyinsa uku ya kai gigabait 5.2. Idan aka cire muryoyi biyu da mai kallo ba ya jin harshensu, sai ya sauko zuwa 4.4, ya shiga fanko ba tare da an taɓa hoton ba ko kaɗan. Rubutacciyar fassara kuwa ba ta cin wani wurin kirki, saboda haka cire ta asara ce marar riba, ko da yake da yawa sun yi ta cirewa cikin rashin sani.

Manhajar da ta mayar da wannan aiki na kowa da kowa ita ce DVD Shrink, wadda ta fito kyauta a 2003. Tana nuna wa mutum duk abin da ke cikin faifai da girman kowane, ya cire alama daga abin da ba ya so, nan take ya ga yadda matsin da za a yi wa hoto ya ragu. Tana kuma ba da damar a ɗauki fim ɗin shi kaɗai, a sa masa sabon mafari da maƙura, har a datse jerin sunayen ma'aikata na ƙarshe domin a sami ƴan megabait. Alamar nan da ke hana tsallake talla ita ma tana gogewa. Saurinta ya samo asali ne daga cewa ba ta sake tsara hoton daga tushe, tana dai rage ƙananan bayanansa ne yana nan a matse.

Zamaninta bai yi tsawo ba. A watan Fabrairu na 2004 alƙaliya Susan Illston ta hana kamfanin 321 Studios sayar da manhajarsa ta DVD X Copy, kamfanin ya rufe a watan Agusta. DVD Shrink ta tsaya a kan fitowarta ta 3.2.0.15 cikin wannan shekara. A watan Yuni na 2005 mai manhajar DVD Decrypter ya daina aiki a kanta bayan matsin lamba ta fuskar shari'a. Amma kafin nan wata hanya ta riga ta buɗe. DivX, wadda Bafaranshe Jérôme Rota ya fara haɗawa a ƙarshen shekarun 1990, da Xvid da ta biyo baya a 2001, suna iya cusa fim guda cikin faifan CD mai megabait 700, muddin aka bar hoto da murya ɗaya aka watsar da saura. Irin wannan dabara ta zubarwa da matsewa ce ta haifar da faifan nan masu fim takwas ko goma da suka cika kasuwannin Yamai da Maraɗi da Damagaram da Kano. Duk wanda ya kalle su ya san farashin da aka biya, domin da zarar an fara faɗa ko rawa sai hoto ya tarwatse.

Almakashin jihar Utah

Duk waɗannan suna yanka ne domin neman wuri. A jihar Utah ta Amurka kuwa an yi wani yanka na daban, wanda dalilinsa tarbiyya ce. Mafi yawan mutanen jihar a lokacin mabiya cocin Momon ne, kuma shugaban cocin, Ezra Taft Benson, ya gargaɗi matasa a 1986 da su guji fina-finan da aka sa wa alamar R, wato waɗanda aka keɓe wa manya. Da fim ɗin Titanic ya fito a kaset a 1998, wani shagon bidiyo a garin American Fork ya fara karɓar dala 5 yana yanke wuraren tsiraici daga kaset ɗin da mutum ya kawo. Yanka ne na zahiri, a datse zaren kaset a sake liƙa shi.

Faifai ba ya yankuwa haka. Kamfanin CleanFlicks, wanda Ray Lines ya kafa a 2000, dole ya bi ta hanyar da masu kwafi ke bi: ya buɗe makulli, ya zuba fim a kwamfuta, ya cire zagi da tsiraici da zubar da jini, sannan ya ɗora abin da ya rage a fanko. Hujjarsa ita ce yana sayen faifai na asali guda a madadin kowane kwafi da ya tace, saboda haka masu fim ba su yi asarar ko sisi ba, hasali ma sun sami masu saye da a da ba za su saya ba. Hujja ce mai nauyi, kuma an daɗe ana jayayya a kanta. A watan Agusta na 2002 wani reshen kamfanin a jihar Colorado ya riga kai ƙara, yana neman kotu ta tabbatar masa da halaccin sana'arsa a kan daraktoci 16, cikinsu har da Steven Soderbergh da Steven Spielberg da Martin Scorsese. Ƙungiyar daraktocin Amurka ta mayar da martani da tata ƙarar, manyan kamfanonin fim suka shigo daga baya.

Daraktocin sun ce ana lalata musu aiki ana kuma barin sunansu a kai. Akwai gaskiya a ciki, domin fim ɗin yaƙi da aka cire wa jini ya zama wani fim dabam mai wani saƙo dabam. Amma wanzami ba ya son jarfa: kamfanonin nan da kansu sun shekara da shekaru suna tace fina-finansu domin gidajen talabijin da jiragen sama, sun dai ƙi sayar wa iyalai irin waɗannan tatattun ne. Abin da ake faɗa a kai shi ne hannun da ke riƙe da almakashi.

Ana cikin shari'ar majalisar dokokin Amurka ta sa baki. A ranar 27 ga Afrilu, 2005, shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta ƙunshi sashen fina-finan iyali. Sashen ya halatta fasahar da ke tsallake wani wuri ko kashe murya a lokacin da ake kallon faifai na asali a cikin gida, da sharaɗin kada a samar da wani tsayayyen kwafi na abin da aka tace. Wannan ya tsamo kamfanin ClearPlay, shi ma na Utah, domin na'urarsa ba ta taɓa faifai. Jerin lokuta kawai take riƙe da shi, idan an zo minti kaza ta yi tsalle, idan an zo kalma kaza ta yi shiru. CleanFlicks kuwa aka bar shi a rana. A ranar 6 ga Yuli, 2006, alƙali Richard Matsch na birnin Denver ya yanke hukunci cewa yin waɗannan kwafi da rarraba su keta haƙƙin mallaka ne, sayen faifan asali kuma bai wanke laifin ba, tun da ikon tsara abin da ke cikin aiki na mai aikin ne. Ya kuma lura cewa majalisa ta sami damar halatta tatattun kwafi a 2005 amma ta ƙi.

Bayan shekara goma wani kamfanin Utah, VidAngel, ya gwada ratsawa tsakanin dokokin biyu. Yana sayen faifai, ya buɗe makullinsu, ya adana fim a rumbunsa, sannan ya “sayar” wa mai kallo faifan a kan dala 20, ya aiko masa da fim ta intanet bayan an cire abin da ya zaɓa, washegari ya sake saye a kan dala 19. Kamfanonin Disney da Fox da Warner da Lucasfilm suka kai ƙara a watan Yuni na 2016, kotu ta dakatar da shi a Disamba. Ya kafa hujja da dokar 2005, kotuna suka ce dokar ta halatta tsallakewa ne a kan halattaccen kwafi, ba ta halatta fasa makulli ko yin sabon kwafi ba. A 2019 masu taya alƙali yanke hukunci suka ci shi tarar dala miliyan 62.4. A shekarar da ta biyo baya aka sasanta a kan dala miliyan 9.9, ya kuma amince ba zai sake buɗe faifan waɗannan kamfanoni ba.