Tarihin masu nutso cikin teku

Ɗan'uwa mai karatu, ka san masunta na tafkin Madarumfa. Ka ga yadda yara ke nutso a Gulbin Maraɗi, nan kusa da Tsibiri, in ruwa ya kawo da damina. Kome gwanintar mutum, numfashi guda gare shi. In ya ƙare, tilas ya taso. Haka duniya ta zauna shekaru aru-aru. To, yau ga labarin mutanen da sunka koyi tafiya ƙarƙashin ruwa da guzurin iskarsu.

A da, in ana son mai nutso ya daɗe, sai a sa masa hular ƙarfe mai nauyi, a haɗa ta da dogon tiyo, ana tura masa iska daga sama. Shina nan ɗaure kamar akuya a turke.

Cikin shekara ta 1943, wani sojan ruwa na Faransa mai suna Jacques Cousteau da wani injiniya, Emile Gagnan, sunka ƙera wata dabara. Ana ɗura iska cikin tulun ƙarfe, mutum ya goya shi a baya. Ɗan ƙaramin inji shi ke sako iskar, sai lokacin da mutum ya ja numfashi. Daga nan mai nutso ya rabu da turke.

Amma wuraren da kifi ya fi yawa suna nesa da gari. Don haka a 1950 Cousteau ya samu wani tsohon jirgin ruwa na yaƙi, sunansa Calypso. Anka sa masa ɗakunan kwana, da madafa, da injin ɗura iska. A ƙarshen 1951 sunka nufi Bahar Maliya, tekun nan da alhazanmu na da ke ƙetarewa daga Sudan zuwa Jidda. Jirgin ya zame musu gida, sati da sati. Su yi nutso da rana, su cika tuluna da marece, su kwana bisa ruwa.

A 1963 sunka ƙara gaba. A wani wuri da ake kira Sha'ab Rumi, kusa da Port Sudan, sunka kafa gidan ƙarfe cikin ruwa, zurfin metir 10. Mutane sunka yi kwana 30 a ciki, har da aku guda. Wasu biyu kuma sunka yi sati ɗaya can ƙasa da su.

Kada ka ɗauka wanga aiki wasa ne. Ruwa nauyi gare shi. A zurfin metir 10, matsin da ke bisa jikin mutum ya ninka na tudu sau biyu. Wanga matsi shi ke tura iska cikin jini. In mutum ya daɗe ƙasa, kuma ya taso da gaugawa, sai iskar ta yi kumfa cikin jikinsa, kamar kwalbar lemo da anka buɗe farat ɗaya. Gaɓoɓi su yi ciwo, wani ya shanye, wani ya mutu. Shi ya sa masu nutso ke tasowa sannu-sannu, suna tsayawa a hanya. Kuma ba a shiga sai da aboki.

Calypso ya nutse a tashar jirage ta Singafo a 1996, daga baya anka tsamo shi. Cousteau ya rasu a 1997. Amma hanyar da ya buɗe ba ta toshe ba. Daga baya baƙi sunka riƙa biyan kuɗi su yi sati guda cikin jirgi a Bahar Maliya, suna nutso don kallon kifi.

Mu ba mu da teku, amma muna da rijiyoyi masu zurfi. Can ƙasa ma iska takan ɓaci. In za ka shiga yasa, ka ɗaura igiya, ka bar mutum a bakin rijiya. In ka ji jiri, ka ja igiya nan da nan.

Allah shi kiyaye mu, amin.