Yatsan da aka bari ya sandare

A Daura, daga unguwar Kusugu har ƙauyukan Baure da Zango, wanda yatsansa ya goce wurin mai ɗori yake fara zuwa. Maɗori ya ja, ya murza, ya ɗaure da kara, ya yi tofi. A karayar ƙwauri wannan hikima ta tayar da mutane da yawa, kuma ba na raina ta. Gaɓar tsakiyar yatsa ce ba ta jure ɗauri. In ta wuce mako uku a ɗaure sai ta fara sandarewa, in kuma ɗan leɓen ƙashin da ke tokare ta ya ɓalle, ko an mayar da ita sai ta sake zamewa. Wata shida ko shekara ta wuce, sannan mai ita ya zo mana yana cewa, "Likita, targaɗe ne ya ƙi warkewa."

Da aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, hankalin likitoci yana kan shan inna, tarin fuka na ƙashin baya da karayar cinya. Yatsa ƙaramin abu ne a idon wanda ke fama da yaron da ba ya iya tsayuwa. Hannayen da aka fi gani da lalura a lokacin na kutare ne, irin waɗanda ake jinya a asibitocin Yadakunya da Babbar Ruga, kuma a kan irinsu Paul Brand ya ƙware wajen sauya wa jijiya mazauni a can Indiya. Fannin tiyatar hannu kansa yaƙin duniya na biyu ne ya raine shi, bayan Sterling Bunnell na Amurka ya fitar da littafinsa a 1944.

Magabatanmu abu biyu suke yi wa tsohuwar gocewa: su yanke yatsan in yana hana aiki, ko su kankare guringuntsin su haɗe ƙasusuwan biyu da siririyar wayar da Kirschner ya fito da ita a 1909. Yatsan ya daina ciwo, ya daina lanƙwasuwa har abada. Har yau ina yin wannan aikin, musamman a manuniyar manomi ko makaniki, domin ƙarfin damƙa ya fi masa amfani.

Daga baya aka koma neman ceto motsi. Likita Swanson ya kawo gaɓar roba a shekarun 1960. Eaton ya nuna yadda ake jawo tantanin cikin gaɓar a cike gurbin ƙashin da ya ɓalle. A 1999 Hastings ya bayyana dabarar da ta fi burge ni: a yanko ɗan ƙashi daga wuyan hannun majinyacin, wanda Allah ya yi siffarsa kusan daidai da leɓen da ya lalace, a dasa shi da ƙananan kusoshi. Ga tela ko mai rubutun allo, wannan ne ke mayar masa da sana'arsa. Amma sai kan ɗaya ƙashin bai cinye ba, kuma sai majinyaci ya yi watanni yana zuwa gashin ƙashi. Mutumin Mai'aduwa da ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota zuwa Kano, da wuya ya iya wannan zirga-zirgar, sai aikin da muka sha wuya a kansa ya sake ƙagewa.

Shi ya sa yanzu nake zama da maɗora. Roƙona gare su ɗaya ne: yatsan da aka ja bai lanƙwasu ba, ko ya karkace, a tura shi hoto a makon farko. A wannan lokacin waya uku da 'yar roba, dabarar da Suzuki na Japan ya wallafa a 1994, kan wadatar, kuma kuɗinsu bai kai na motar Kano ba.