Askar Wanzami a Ƙasar Daudawa: Daga Maƙera Zuwa Zabira

 

Ya kai mai karatu, idan kai haifaffen Daudawa ne, ko Faskari, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa, to da wuya a ce ƙarfen farko da ya taɓa jikinka ba askar wanzami ba ce. Ranar bakwai ga haihuwa, bayan an raɗa suna an yanka rago, wanzamin gida yakan shimfiɗa zabirarsa ya yi askin suna, kamar yadda Sunna ta koyar. Shi ne kuma mai kaciya, mai ƙaho, mai tsagar gado a lokacin da ake yin ta. Sana'a ce ta gado, tana da shugabanta, wato Sarkin Aska, kuma kusan kowane gida ya san wanzaminsa kamar yadda ya san limamin unguwarsu.

Askar ta asali aikin maƙeran gida ce. Kafin zuwan Turawa da ƙarfen tama ake ƙera ta, wanda ake narkewa a nan ƙasar Hausa. Da layin dogo ya ratsa Funtuwa daga Zariya ya isa Ƙauran Namoda a 1929, sai ƙarfen waje ya wadata, narka tama ta yi ta ja da baya har ta mutu, maƙera suka koma ga tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota. Auduga ce ta jawo wannan canji a yankinmu: Turawa sun kafa gonar irin auduga a Daudawa, ga injin gurza a Funtuwa, kuɗi suka shiga hannun manoma, kantuna kuwa suka cika da kayan Turai. A cikin kayan nan har da aska mai naɗewa, wadda bakinta ke shigewa cikin ƙota.

Ita wannan tana da nata tarihin. Birnin Shafil na Ingila ya yi suna da ita, musamman bayan Benjamin Huntsman ya gano hanyar tace ƙarfe a tukunya wajen 1740. Solingen ta Jamus ta biyo baya, kuma a can aka kafa kamfanin DOVO a 1906. Wanda ya karya kasuwarsu shi ne King Camp Gillette, Ba'amurken da ya sami lasisin mallakar rezarsa a 1904, wadda ake aski da ita a yar. Da aka raba wa sojojin Amurka ita a Yaƙin Duniya na Farko, suka koma gida sun saba, ba su sake waiwayar dutsen wasa ba.

A wurinmu aska ta daɗe fiye da haka, domin wanzami ba aski kaɗai yake yi ba. Abin da ya kayar da ita tsoron cuta ne. Tun da aka ba da sanarwar samun ƙanjamau a Nijeriya a 1986, ga kuma ciwon hanta da ke bin jini, ma'aikatan lafiya suka dage cewa kada ƙarfe ɗaya ya zagaya kawuna, kuma gaskiya suka faɗa. Wanzamai da yawa suka koma ga sabuwar reza ga kowane mutum, samari suka tafi shagon kilifa, kaciya ta soma komawa asibiti. Ba na cikin masu kukan wannan. Kare rai ya fi kare al'ada.

Abin da nake jin ciwonsa shi ne ilimin da ke tafiya tare da askar. Tsohon wanzami ya san cewa dutse da fata aikinsu daban ne. Dutsen wasa yana cin ƙarfe ya fitar da sabon baki, shi ya sa ba kullum ake kai aska gare shi ba. Fata kuwa ba ta cin komai, miƙar da bakin take yi bayan gashi ya lanƙwasa shi, don haka ake goga aska a kanta kafin kowane aski. Ya san ƙarfen da ya fi kaifi shi ya fi saurin tsatsa, saboda haka ba ya mayar da aska zabira da danshi. Wannan ba a rubuce yake ba, daga uba sai ɗa, ɗan kuma yau yana acaba a Funtuwa ko Kaduna.

Abin mamaki, a Turai da Amurka akwai mutanen da suka mayar da gyaran tsofaffin asake abin sha'awa. Sukan sayi aska mai shekara ɗari ta yi jawur, su kankare tsatsar da hannu da takardar yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, su sassaƙa mata sabuwar ƙota ta ƙaho ko itace, sa'annan su wasa ta a kan duwatsun Beljiyam ko na Japan. Mu kuwa namu na tafiya buhun 'yan jari-bola da kilo. Rashin tsaron da ya addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ya ƙara dagula lamarin, domin wanda ya bar ƙauyensu da tsakar dare ba ya tsayawa neman zabirar kakansa.

Wanda Allah Ya sa ya gaji irin wannan aska, ko ta maƙera ko ta kanti, kada ya kai ta wurin mai wasa wuƙa da inji. Zafin injin yana kashe taurin bakin, kuma in ya mutu ba ya dawowa sai an mayar da ita wuta. Ya duba bakin tukuna: tsatsar da ke gadon bayanta tana fita, amma wadda ta yi ramuka a kan kaifin sai an ci ƙarfen har an wuce su. Ya jiƙa ta da mai ta kwana, ya goge a hankali, ya nemi dattijon wanzami ya nuna masa yadda ake kwantar da ita a kan dutse. In ya gama, askar ta zama ta kansa shi kaɗai, ba a ara wa kowa ita. Ya kuma tambayi dattijon sunan maƙerin da ya ƙera ta da garin da yake, ya rubuta a takarda ya saka cikin zabirar.