Hoton Asibiti: Yadda Likita Ke Ganin Cikin Jiki Ba Tare da Tiyata Ba

Hoton asibiti shi ne duk wata hanya da ake bi a ga ƙashi, huhu, ƙwaƙwalwa ko ɗan tayi ba tare da an tsaga jiki ba. Tarihinsa ya faro ne a watan Nuwamban 1895, lokacin da masanin kimiyya ɗan Jamus, Wilhelm Röntgen, ya gano wani haske mai ratsa tsoka amma ƙashi na tare shi. Wannan binciken ne ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 1901.

Manyan nau'o'insa

Eksire, wanda aka fi sani da hoton ƙashi ko hoton ƙirji, yana cikin mafi araha. Da shi ake gane karaya, ciwon huhu da alamun tarin fuka.

Sikanin kuwa yana aiki ne da amon sauti wanda kunne ba ya ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowace mai juna biyu ta yi shi sau ɗaya kafin cikinta ya kai mako 24, domin a san watannin cikin, a kuma gano tagwaye da wuri.

Na'urar CT, wadda aka fara gwadawa kan majinyaci a Landan a 1971, tana ɗaukar hoton jiki yanki-yanki, kwamfuta ta haɗa su. Ita kuwa MRI maganaɗisu take amfani da shi, kuma ta fi fito da ƙwaƙwalwa, laka da gaɓoɓi. Saboda ƙarfin maganaɗisun, dole ne mai wani ƙarfe a jikinsa ya sanar da ma'aikata kafin a shigar da shi.

Abin da ya sa jinkiri ke kisa

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko dai jijiya ta toshe, ko ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Alamunsu sun yi kama, amma maganin narkar da gudan jini da ke ceton mai toshewa yana iya hallaka mai zubar jini. Hoton CT ne ke raba gardama, kuma cikin 'yan sa'o'i ake bukatarsa.

Haɗari da sa ido

Hasken eksire da na CT yana iya ƙara barazanar ciwon daji idan ya yawaita, shi ya sa ba a yin su sai da umarnin likita. A Nijeriya, hukumar NNRA, wadda dokar 1995 ta tanada, ita ke ba da lasisin amfani da irin waɗannan na'urori.

Inda siyasa ta shigo

Sayen na'ura ba ya wadatarwa. Tana bukatar wutar lantarki tsayayya, injiniyan gyara, da ƙwararren likitan da zai fassara hoton. Galibin CT da MRI suna manyan birane ne, don haka mutumin karkara kan biya kuɗin mota kafin kuɗin hoto. A Yarjejeniyar Abuja ta 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, matakin da kasafin tarayyar Nijeriya bai taɓa kaiwa ba. Duk lokacin da aka ƙaddamar da sabuwar na'ura, abin tambaya shi ne: nawa aka ware don kula da ita, kuma tana aiki bayan shekara guda?