Daga Jinka Zuwa Kwano: Tarihin Rufin Ɗakunanmu

Yau hirar tamu sama za ta kalla, wato rufin ɗaki. Maigida ne ke biyan kuɗinsa, amma mu ne muke yini a ƙarƙashinsa.

Rufi mafi daɗewa a ƙasar Hausa shi ne jinka. A haɗa tsaiko da kara ko itace, a lulluɓe da shibci, a ɗora bisa zagayayyen ɗaki. Sanyinsa ba a magana, ga araha. Sai dai gara na cin sa, bayan 'yan shekaru ya zama bunu, kuma da hunturu tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya lashe unguwa.

A birane kuwa, irin su Kano da Katsina da Zariya da Damagaram, soro ne abin alfahari. Ƙashin bayansa azara, wadda ake faskarowa daga itacen giginya, don gara ba ta cika damunta ba. A jera azara, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, sannan a shafe da makuba ta kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina. A kafa indararo ruwa ya sauka nesa da bango. Azara ba ta iya ɗaukar nauyi idan faɗin ya wuce kimanin mita 2, shi ya sa ɗakunan iyayenmu suke da tsawo ba faɗi. Magina suka yi wa wannan dabara da bakan gizo da ɗaurin guga. Wadda duk ta ga hoton cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ta san iyakar inda laka za ta iya kaiwa. Soro yana shanye zafin rana, sai dare ya sake shi. A kansa ake shanyar kuɓewa da barkono, a kansa ake shan iska da bazara. Amma fa kowace shekara sai an yi yaɓe kafin damina, in aka yi sakaci sai yoyo, daga yoyo sai rushewa.

Kwano baƙo ne. A Landan aka yi masa rajistar ƙirƙira a 1829, kuma bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya sami hanyar shigowa da yawa. Tasha da kantunan Turawa da Sabon Gari suka fara, daga baya ya zama shaidar arziki. Ya raba mutane da yaɓen shekara-shekara, ya ba mu ruwan sama na tara a randa. To amma a watan Afrilu, ɗakin kwano marar silin tanda ne, mai jego da jariri su suka fi sani. Ga tsatsa, ga guguwar farkon damina da ke yaye shi ta jefar a gidan maƙwabta.

Asbestos ya yi tashe a makarantu da gidajen ma'aikata saboda ba ya zafi kamar kwano. Daga baya aka tabbatar ƙurarsa tana jawo sankarar huhu, har Birtaniya ta hana shi gaba ɗaya a 1999. Idan akwai tsohonsa a gidanki, kada a fasa shi, kada yara su yi wasa da ɓaraguzansa.

Yanzu zamanin alminiyam ne mai launi, da kwano mai yashin dutse, da dakin na siminti. Ni dai abin da ke ba ni mamaki shi ne dogon rufin nan mai tsini da ake yayi, wanda ya ci katako kamar me, a ƙasar da ruwa ke yin wata huɗu ko biyar. A Nijar kuwa, da azara ta yi wuya, an koya wa magina rufa ɗaki da tubalin laka zalla, ba itace ko ɗaya.

Idan ana shirin gini a gidanku, ki sa baki tun kafin a sayo kwano: a ɗaga bango, a sa silin, a bar kafar iska a sama. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.