Tarihin Hologiram Mai Cikakken Launi

Hologiram hoto ne da ke nuna abu da zurfinsa da kaurinsa, ta yadda mai kallo idan ya karkata kai zai hango gefen abin. Kyamara ƙarfin haske kaɗai take ɗauka, shi kuwa hologiram har da hanyar da hasken ya biyo yake adanawa. Ana raba haske gida biyu: kashi ɗaya ya haska abin da za a ɗauka, ɗayan ya wuce kai tsaye zuwa farantin gilashi da aka shafa wa sinadari. Inda suka haɗu sai su bar wasu layuka sirara waɗanda ido ba ya gani. In an sake haska farantin, layukan ne ke karkatar da haske ya dawo da siffar abin.

Dennis Gabor, ɗan asalin Hungary da ke aiki a garin Rugby na Ingila, shi ya gano wannan dabara a 1947, yana neman inganta na'urar hangen ƙananan halittu mai amfani da lantarki. Fitilun zamaninsa ba su da tsabtataccen hasken da aikin ke bukata, don haka hotunansa suka fito dishi-dishi. Sai da Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a Amurka a 1960 sannan hanya ta buɗe. A 1964 Emmett Leith da Juris Upatnieks na Jami'ar Michigan suka nuna hologiram na jirgin ƙasan wasan yara, mutane suka ga zurfinsa da idonsu. An ba Gabor kyautar Nobel a 1971.

Waɗannan hotuna na farko launi ɗaya gare su, wato launin lezar da aka haska su da ita, kuma ba sa ganuwa sai da lezar. Masana biyu suka sassauta wannan matsala. A Leningrad, Yuri Denisyuk ya fito a 1962 da hologiram da ake iya kallo da farin haske na yau da kullum. Ya ɗora aikinsa ne a kan na Gabriel Lippmann na Faransa, wanda tun 1891 ya ɗauki hoto mai launi ba tare da rini ba. A 1968 kuma Stephen Benton na kamfanin Polaroid ya ƙirƙiro hologiram mai launin bakan gizo.

Nau'in Benton ne ya shiga kasuwa, domin ana iya kwafe layukansa a kan farantin ƙarfe, a riƙa danna su a jikin leda mai ƙyalli dubbai a kan kuɗi kaɗan. MasterCard ya sa shi a katinsa a 1983, Visa ya biyo da hoton kurciya a 1984. A watan Maris na shekarar, mujallar National Geographic ta buga hologiram na gaggafa a bangonta. Daga nan ya bazu zuwa takardun kuɗi, fasfo, kwalayen magani da takardar naɗe kyauta. Sai dai launukan da ke walƙiya a jikinsa ba na abin da aka ɗauka ba ne. Suna sauyawa daga ja zuwa kore zuwa shuɗi gwargwadon inda mai kallo ya tsaya.

Samun launi na gaskiya ya fi wuya nesa ba kusa ba. Ana bukatar leza uku aƙalla, ja da kore da shuɗi, da faranti guda mai karɓar dukansu. Shuɗin ne ya fi ba da wahala, saboda ƙwayoyin sinadarin azurfa da ke jikin farantin suna warwatsa shi, hoton ya yi hazo, sai fa in an ƙanƙanta su zuwa kimanin nanomita 10 ko ƙasa da haka. Ga kuma girgiza: ko motsin mota a titi na iya ɓata aikin. A shekarun 1990 kamfanin Slavich na Rasha ya samar da faranti masu irin waɗannan ƙwayoyi, Hans Bjelkhagen ya yi amfani da su wajen ɗaukar hotuna masu launin da ya dace da na asali, Yves Gentet ma ya haɗa nasa farantin a Faransa.

Kwamfuta ta kawo mataki na gaba, wato bugawa. Maimakon a ajiye abu gaban leza, sai a shirya siffarsa ta fuskoki masu yawa a kwamfuta, injin ya riƙa rubuta hoton ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ƙaramin hologiram ne mai cin gashin kansa. Kamfanin Zebra Imaging, da aka kafa a Texas a 1996, ya buga taswirorin birane ta wannan hanya, haka ma Geola na Lituweniya ya ƙera injinan bugawa. Da haka aka iya buga fuskar mutum, ko ginin da ba a riga an gina ba.

Masu fasaha sun daɗe da sha'awar abin. Salvador Dalí ya baje kolin hologiram a New York a 1972, aka kuma buɗe gidan tarihin hologiram a birnin a 1976, wanda kayansa suka koma jami'ar MIT bayan rufe shi a 1992. Gidajen tarihi na Tarayyar Sobiyat sun riƙa yawo da hologiram nau'in Denisyuk na kayan zinariya maimakon su fitar da na ainihi. A yau ana yin allunan bango, hotunan iyali, lambobin yabo da tallar kayan ƙawa da nau'in mai cikakken launi.

Abu biyu ke taƙaita yaɗuwarsa a gidaje da shaguna. Na farko tsada, domin ba a danna shi dubbai kamar na bakan gizo, kowane allo sai an haska shi da leza. Na biyu haske: yana bukatar fitila guda mai tattara haske, an kafa ta a kusurwar da aka tsara, in ba haka ba hoton ya dushe. Ƙananan fitilun LED sun rage wannan matsala, shi ya sa ake yawan haɗa allon da fitilarsa a firam ɗaya.