Galahanga: Cin Abinci da Lafiyar Ciki

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma alamunta kan bayyana tun ƙuruciya ta fuskar magana, cuɗanya da jama'a, da maimaita ɗabi'a guda. Bisa ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar na shekarar 2021, mutum 1 cikin 127 ne ke da ita. Tun a 1943, lokacin da Dakta Leo Kanner na Asibitin Johns Hopkins da ke Amurka ya yi bayanin yara 11 masu wannan lalura, ya lura cewa da dama daga cikinsu sun sha wahalar cin abinci tun suna jarirai.

Ciwon ciki

Wani nazari da mujallar Pediatrics ta buga a 2014, wanda ya tattara bincike 15, ya nuna cewa yiwuwar samun matsalar ciki ga yara masu galahanga ta ninka ta sauran yara kusan sau 4. Waɗanda aka fi gani su ne taurin bayan gida, gudawa da murɗawar ciki.

Babban abin damuwa shi ne da yawa daga cikin waɗannan yara ba su iya faɗin inda ke yi musu ciwo. Yaron da bayan gida ya ƙi fitar masa, ko ƙwannafi ke damunsa, sai a ga yana kuka ba dalili, yana danna cikinsa a kan tabarma ko gefen gado, yana cizon hannunsa, barci ya gagara. Sau da yawa akan ce halinsa ne, ko a danganta abin da iska, alhali ciwo ne da ke da magani. Haka nan, bayan gida mai tauri idan ya daɗe a hanji, ruwa kan zagaye shi ya ɓata wando, iyaye su zaci gudawa ce su ba da maganin tsayar da ita, lamarin ya ƙara ta'azzara. Saboda haka duk wani canjin hali na farat ɗaya yana bukatar a duba ciki, haƙora da kunne.

Zaɓen abinci

Ƙin abinci a nan ba sangarta ba ce. Yaro kan ji ƙamshi, laushi ko yauƙin abinci fiye da yadda sauran mutane ke ji, ta yadda zai iya cin tuwo gaya amma ya guje wa miyar kuɓewa, ko ya tsaya kan burodi da taliya kaɗai. Idan hakan ya daɗe, jiki kan rasa sinadaran gina ƙashi da na jini, da bitamin A da C, ko da kuwa yaron ya yi ƙiba. Wasu kuma kan ci ƙasa ko takarda.

Ɗure da duka ba sa haifar da ɗa mai ido. Abin da ya fi amfani shi ne tsayar da lokacin cin abinci, da ajiye sabon abu kaɗan a gefen wanda yaron ya saba da shi, a yi ta maimaitawa cikin haƙuri. Wake, zogale, gwanda, hatsin da ba a surfe dusarsa duka ba, da wadataccen ruwan sha suna sassauta bayan gida.

Abin da ba a tabbatar ba

A 1998 Andrew Wakefield ya buga rahoto a mujallar Lancet ta Ingila kan yara 12, inda ya alaƙanta rigakafin ƙyanda, hangum da rubela da ciwon hanji da galahanga. An janye rahoton a 2010, aka kuma soke lasisinsa na likita. Binciken ƙasar Denmak na 2019 kan yara fiye da 650,000 bai sami wata alaƙa ba. Rigakafi ba ya jawo galahanga, ƙyanda kuwa tana kisa.

Batun ƙananan ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin hanji ma ya ja hankali. Sai dai binciken da aka yi a Ostireliya a 2021 kan yara 247 ya nuna cewa bambancin da ake gani a hanjinsu ya fi kama da sakamakon ƙarancin nau'o'in abincin da suke ci, ba musabbabin lalurar ba.

Game da hana alkama da madara kuwa, hukumar NICE ta Birtaniya ta ba da shawara tun 2013 cewa kada a yi amfani da wannan hanya don magance alamun galahanga. Sai fa yaron da likita ya tabbatar jikinsa ba ya karɓar su. Raba yaron da abincinsa bai wuce kala uku ko huɗu ba da nono da burodi ganganci ne, kuma haka lamarin yake ga magunguna masu tsada da ake tallatawa da sunan wankin hanji.

A gaggauta kai yaro asibiti idan an ga jini a bayan gidansa, ko yana ramewa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko dasashinsa na zubar da jini, ko ba ya gani sosai da dare.